Wata shida kafin tantancewa: yadda nake shirya yarana don shiga sahun zaratan sojoji

Duk ranar Asabar, da an sallame sallar asuba, nakan tarar da samari goma sha wani abu suna jirana a bakin Dandalin Murtala a nan Kaduna. Wasu sojoji ne masu igiya ɗaya ko biyu da suke sa ran a tura sunansu kwas ɗin dakaru na musamman, wasu kuwa ko fom ba su cika ba tukuna. Watannin baya wani yaro ɗan Rigasa, ƙaƙƙarfa, mai dakon buhuna a kasuwa, ya tare ni bayan mun tashi ya ce, "Baba Saje, saura mako uku a fara tantancewa. Me zan yi in ƙara ƙarfi?" Na ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. A mako uku babu abin da za ka ƙara wa kanka sai rauni. Ka ci abinci, ka yi barci, ka je da abin da kake da shi. In ba a dace ba ka dawo mu fara daga tushe." Bai dace ba, ya kuma dawo. Abin da nake koya masa shi zan rubuta a nan.

Ni kaina sau biyu na je irin wannan tantancewar. A karon farko ina kofur, kuma a bataliyarmu babu mai riga ni a gudu. A rana ta tara aka cire ni. Saura kwana huɗu mu tafi na sayi sabon but, ina ganin sabo ya fi ƙarko. Tun a tattakin farko dunduniyata ta hagu ta yi bororo, ya fashe, safa ta manne da nama, da dare sai na jiƙa ta da ruwa sannan ta ɓanɓaru. Don in kare dunduniyar sai na riƙa taka gefen ƙafa, kafin kwana uku gwiwa ta kumbura kamar an hura ta. Ina zaune a bayan mota ina kallon mutanen da ba su kai ni jiki ba suna wucewa da kayansu a baya, sannu a hankali, babu mai ɗingishi. Laifin nawa ne, kuma sai da na jira shekara biyu kafin a sake ba ni dama.

Tun daga ranar na gane abin da masu tantancewa suke nema: mutumin da zai yi aikin yau da gajiyar jiya, ya kwana da yunwa, gobe ya sake tashi jikinsa bai lalace ba, hankalinsa bai gushe ba. Duk shirin da zan faɗa a kan haka ya tsaya.

Ka san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa

Farar hula ba ya tsallakawa kai tsaye ya zama sojan ƙundumbala. Sai ka fara zama soja. Mu mutanen Kaduna Allah ya sa ƙofofin a kusa da mu suke. Defo na Zariya, inda ake horar da kurata, yana nan tun 1924. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA an kafa ta a 1964, yanzu mazauninta na dindindin yana Afaka. A Jaji akwai makarantar dakarun ƙasa, can ake koyar da dirar laima daga jirgi. Bayan ka zama soja ne ake maganar makarantar dakaru na musamman ta Buni Yadi a Yobe, ko SBS, rundunar zaratan sojan ruwa a Legas. Sharuɗɗan shekaru da tsawo da takardu sukan canza, saboda haka sanarwar hukuma ta shekarar da kake nema ita za ka karanta da idonka, kada ka dogara da an ce. Kuma ɗaukar soja kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya, ɗan damfara ne, ko da da kaki ya zo maka.

Kafin ka yi taku ɗaya na gudu, ka je asibiti. A auna jininka, a duba ciwon hanta, ido, haƙori, ƙaba da basir. Abin da za a gano a wurin tantancewa gara ka gano shi yau, lokacin da akwai damar magani. Sannan ka san jinotayif ɗinka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da cutar, kuma yawancinsu lafiya lau suke rayuwa, har da sojoji gwanaye. Amma mai AS ya fi shiga haɗari idan aka haɗa masa gudun ƙure ƙarfi da zafin rana da ƙishirwa, musamman in bai saba ba ko zazzaɓi bai gama sakinsa ba. In kai ne, ka gaya wa likita abin da kake shirin yi, ka bi a hankali fiye da kowa, kada kuma ka ɓoye.

Gudu, da kaya a baya, da ƙafar da za ta ɗauke su

Kuskuren samari shi ne kullum su fita su yi gudu har sai sun ga duhu-duhu. Huhu da zuciya sukan saba da wahala cikin 'yan makonni, sai mutum ya ji kamar ya zama doki. Ƙashi da jijiya kuwa sai sun ɗauki watanni. A tsakanin nan ne ƙwauri yake tsagewa. Don haka a wata biyun farko ina sa yarana sassarfa sau uku a mako, minti 20 zuwa 30, da saurin da mutum zai iya yi wa na kusa da shi magana ba tare da haki ya katse shi ba. In ba ka iya ce wa abokinka "ina kwana, ya gida" a jere ba, ka yi sauri da yawa. Kowane mako a ƙara kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce, mako na huɗu kuma a rage, jiki ya farfaɗo. Ka nemi ƙasa ko ciyawa, kwalta tana cin ƙwauri.

Daga wata na uku sai mu shigo da gudun sauri sau ɗaya a mako. Zagayen filin tsere irin na filin wasa na Ahmadu Bello mita 400 ne. Ka zaga ɗaya da ƙarfi, ka yi tafiyar minti ɗaya da rabi, ka sake, har sau shida, daga baya takwas. Zagaye takwas a jere shi ne kilomita 3.2, nisan da sojoji suka saba gwada mutum da shi. Ma'aunina ga yarana, kuma nawa ne ba na hukuma ba: su gama shi ƙasa da minti 14, su huta minti biyar, su iya sake fita.

Maganar ƙarfin jiki ba ta da tsawo. Ba ka bukatar gidan ɗaga ƙarfe. Firesof, kwanta-tashi, tsuguna-tashi, jan jiki sama a jikin ƙarfe ko reshen mangwaro, da ɗaukar jarka biyu cike da ruwa ka yi tafiya da su har hannu ya gaji. Sau uku a mako, a yi su daidai, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa. Firesof 50 masu kyau da jan jiki 10 sun ishe ka shiga. Ƙaton damtse kaya ne da za ka ɗauka a kan tudu.

Inda ake rabuwa da mutane shi ne tattaki da kaya. Sojojin ƙasa na Amurka suna da ma'aunin mil 12, wato kilomita 19 da 'yan kai, cikin awa 3 da kaya kusan kilo 16. Masu neman shiga SAS, rundunar zaratan sojojin Birtaniya, kuwa a tsaunukan Brecon Beacons na Wales ake gwada su, tattakin ƙarshe kilomita 64 ne da jaka mai kilo 25, ban da bindiga da ruwa. Kowace ƙasa da irin nata, amma duk inda ka je za a ɗora maka kaya a ce tafi.

Ga yadda muke yi. Ledar fiyawata ɗaya rabin lita ce, rabin kilo ke nan. Guda 20 kilo goma cif. Na fi son su a kan yashi ko bulo, domin in ƙafa ta ba ka matsala a hanya sai ka sha wasu, ka zubar da wasu, ka dawo gida da jaka marar nauyi. Ka naɗe tsohon bargo ka sa a ƙasan jakar, ruwan ya zauna a sama, manne da gadon bayanka tsakanin kafaɗu. In nauyi ya sauka ƙugu yana lilo, bayanka ne zai biya. Ka fara da leda 16, kilomita biyar, sau ɗaya kawai a mako. Makon da ka ƙara nisa kada ka ƙara nauyi, makon da ka ƙara nauyi kada ka ƙara nisa. Zuwa wata na biyar ka kai kilo 18 ko 20 a kilomita 15 zuwa 20, kana cin kowace kilomita cikin minti tara zuwa goma. Kada kayan su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinka. Kuma kada ka yi gudu da kaya a lokacin shiri. Ka koyi gajeren taku mai sauri, hannu yana kaɗawa. A kwas za a sa ka gudu da shi, gaskiya ne, amma gwiwar da ka adana ita za ka kashe a ranar.

Mukan tashi daga gadar Kawo mu bi titin Ali Akilu zuwa shataletalen Lugard Hall mu dawo, mu ƙara da wasu layuka in nisan bai cika ba. Garin Kaduna ba shi da tudu sosai, don haka matakalar filin wasa ita ce tudunmu, wani lokaci kuma mu hau mota mu je dutsen Kufena a Zariya. Wata magana da ta shafi garinmu: saurayi da ƙatuwar jaka a baya da duku-duku abin zargi ne, kuma 'yan sintiri suna da gaskiya in sun tare ka. Ka riƙe katin shaidarka, ka sanar da mai unguwa, ku fita ku biyu ko uku, in kai farar hula ne kada ka sa kayan soja ko mai kama da shi. Hanyoyin bayan gari kuwa, musamman ta Birnin Gwari, ba wurin atisaye ba ne.

Yanzu ƙafa. Takalmi da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka sa, a bar wurin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. A Kasuwar Barci ana samun masu ƙarko na gwanjo. Ka yi mako shida kana yawo da shi, kasuwa da masallaci da wurin aiki, kafin ka ɗora masa dogon tattaki. Safa biyu: siririya a ciki, mai kauri a waje, don gogayyar ta tsaya tsakaninsu. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi lungu. Da ka ji wani wuri ya fara ɗumi yana zafi-zafi, tsaya nan take, cire takalmi, share wurin ya bushe, manna filasta ba tare da ta tattare ba. Minti biyun nan su ne ban yi ba a karona na farko. A shafa basilin a matsematsi da hammata da inda igiyar jaka take gogar kafaɗa. Da an tsaya hutu a canza safa, jiƙaƙƙiyar a rataye ta a bayan jaka ta sha iska.

Ka kuma koyi bambanta ciwo biyu. Ciwon gajiya yakan bazu a tsoka, ya yi sauƙi in jiki ya ɗau ɗumi. Amma in akwai wuri ɗaya tak a ƙwauri ko a bayan ƙafa da za ka rufe da kan yatsa, in ka danna ka zabura, in ka yi tsalle da ƙafar ya soke ka, har da dare yana zugi, to wataƙila ƙashi ne ya fara tsagewa. Ka daina gudu ka ga likita. Hoton farko ma ba lallai ya nuna ba. Hutun mako shida yanzu ya fi ɗaurin karaya da sandar dogarawa a watan tantancewa.

Rana tana kisa

A watan Yulin 2013 sojoji uku suka rasu sakamakon zafi a tattakin gwajin shiga SAS a tsaunukan nan na Wales, biyu a ranar, na ukun daga baya a asibiti. Ƙwararru ne masu lafiya, kuma zafin ranar bai kai na Kaduna a watan Maris ba. Nakan ba yarana labarin nan don kada wani ya ce shi ɗan Arewa ne, rana ba ta yi masa komai. Zama a inuwa cikin zafi daban, tafiya da kilo 20 a baya daban.

Jiki yana koyon zafi, kuma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. In duk atisayenka na asuba ne, to a wata biyun ƙarshe ka mayar da wasu zuwa hantsi, daga baya zuwa bayan la'asar, ka fara da minti 20 marasa nauyi. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu lita guda ce ta gumi, ita za ka mayar a hankali. Fitsari shi ne ma'auninka na kullum. In ya yi fari-fari ka sha isasshe, in ya yi ja ka ƙara. In kuwa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, ga tsoka tana ciwo fiye da kima, wannan tsoka ce take narkewa tana toshe ƙoda. Asibiti a ranar, ba gobe ba. Ɗirkar ruwa zalla lita bayan lita shi ma yana da haɗarinsa, yana wanke gishirin jini. A dogon tattaki mukan haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In abokin tafiyarka ya fara tangaɗi, yana maganar da ba ta da kan gado, ko ya yi fushi babu dalili, ko bai gane inda yake ba, kada ka tsaya duba ko yana gumi. Ka kai shi inuwa, cire masa jaka da riga, kwarara masa duk ruwan da kuke da shi, yi masa fifita, in akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi. Sanyaya shi ake fara yi, ana yi ana neman mota. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Da azumi ba ma dogon tattaki da rana, ko kaɗan. Sassarfa kaɗan gab da magariba, aiki mai nauyi bayan tarawihi. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar kuma sai ya gama magani, ƙarfinsa ya dawo, sannan ya fara daga rabin inda ya tsaya. Ka kwana a gidan sauro, wata shidan nan ba ka da makon da za ka ba zazzaɓi.

Abinci ba sai mai tsada ba. Wake da shinkafa, awara, ƙosai da kunun gyaɗa, fura da nono, ƙuli-ƙuli, ƙwai biyu ko uku, kwaɗon zogale, tuwo ka ƙoshi. Dabino da gyaɗa a aljihu ranar tattaki. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ƙwaya. Tiramadol tana ɓoye ciwo har ƙashi ya karye ba ka sani ba, tana jawo farfaɗiya, gwajin fitsari kuma yana kama ta. Maganin tari mai kodin gwamnati ta hana shi tun 2018. Har magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, in ka sha su kana cikin ƙishirwa da gumi, ƙodarka kake yi wa illa. Haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi na cikin jarka da ba ka san abin da aka zuba ba, ka bar su inda ka gan su.

Abu biyu da ɗan Arewa yakan je babu su: iyo da karatun taswira. Ka biya kuɗi a wurin ninƙaya na otal ko kulob inda akwai mai ceto, ka koya har ka iya tsayawa a ruwa mai zurfi minti goma ba ka firgita ba. Kogin Kaduna ba makaranta ba ne, balle da damina. Ka sayi kamfas, ka sa wani tsohon soja ya nuna maka, ka kuma ƙirga taku nawa kake yi a mita 100, da kaya da babu kaya. Ka haddace lambar nan kamar sunanka.

Zuciya

A horon sojojin ruwan Amurka da ake kira SEAL akwai mako guda na kwana biyar da rabi wanda duk barcin da mutum zai samu a ciki bai wuce awa huɗu ba. An rataye ƙararrawa a fili. Duk wanda ya gaji sai ya je ya buga ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa, shi ke nan, babu mai dukansa. A namu babu ƙararrawa, amma akwai mota tana biye da ku, akwai kuma malamin da zai matso kusa da kunnenka ya ce da murya mai daɗi, "Kofur, me ya yi zafi? Ga shayi can a mota." Da yawa daga waɗanda na ga sun hau motar nan ba su da rauni ko ɗaya. Ƙafarsu lafiya, zuciyarsu ce ta riga ta hau.

Abin da ya fi karya mutum shi ne lissafi. Da ƙarfe biyun dare, jiƙe sharkaf, sai ka fara ƙirga saura kwana kaza, saura tattaki kaza, sai abin ya zame maka dutse. A karona na biyu na hana kaina ƙirga komai da ya wuce abinci na gaba. In na karya, burina in kai azahar. In tafiya ta yi tsanani sai in rage: wancan icen, sannan wancan dutsen. Na ɗaura zikiri a kan takuna, kowane taku da kalmarsa, abokina Kirista ɗan Kafanchan shi kuma yana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Wannan abu ne da ake koyo tun a titin Ali Akilu, a kilomita biyun ƙarshe da jaka take cin kafaɗa.

Na kuma yi wa kaina doka tun daga gida: ba zan yanke shawarar bari da dare ba, ba zan yanke ta ina cikin tafiya ba, ba zan yanke ta da yunwa ba. In zan bari, sai gari ya waye, na ci abinci, na zauna. Sau uku na ce gobe da safe zan tafi. Duk safiyar da ta zo sai in ga ashe zan iya ƙara yini ɗaya. Dokar nan ba ta shafi rauni na gaske ko alamun bugun rana ba. Wannan kai tsaye za ka faɗa, domin kwas yana dawowa, rai ba ya dawowa.

Zagi da tsawa da gwale-gwale aikinsu ne, ba gaba ba ce. Za a hukunta ku a kan laifin da ba ku yi ba, a ce an gama sannan a ce a ƙara kilomita biyar, don a ga wa zai ɓata fuska, wa zai fara zagin ɗan'uwansa. Lokacin da ka ji zuciya ta taso, ja numfashi ka ƙirga huɗu, riƙe huɗu, saki huɗu, dakata huɗu. Sau uku ko huɗu ya isa hannu ya daina rawa. Don koyon tunani cikin gajiya, da mun dawo daga tattaki nakan shimfiɗa ƙyalle da ƙananan abubuwa goma a kai, makulli, ashana, kwalba, allura da sauransu, su kalla minti ɗaya in rufe, sai sun yi firesof 20 sannan kowa ya lissafo. Makon farko da wuya wani ya wuce biyar. Amma kada ka ce za ka koyi rashin barci ta hanyar hana kanka barci. Ba a sabawa da shi, jiki kawai yake ci. Awa bakwai zuwa takwas kowane dare, waya a kashe.

Ka sani kuma ana kallonka lokacin da kake zaton babu mai kallo: wa ya karɓi gungume a kafaɗa da aka zo canji, wa ya noƙe, wa ya raba ruwansa, wa ya ɓoye ya ci shi kaɗai. Mu a garin nan mun san yadda kogi ya raba mu, wasu a arewa wasu a kudu. A can babu wannan. Ɗan Kafanchan ɗin nan shi ya ɗauki bindigata kilomita biyu ranar da amai ya kama ni, ni kuma na ja shi muka ƙetare ruwa. In kana da ƙyamar wani saboda addini ko yare, ka yi maganinta tun yanzu, don wanda kake ƙyama shi zai ɗauke ka a Sambisa ko a bakin Tafkin Chadi in harsashi ya same ka.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake yi wa kowane yaro shi kaɗai: me ya sa kake so? In don baje ne a kafaɗa da hoton Facebook, ba zai kai ka dare na uku ba. Aikin nan ana mutuwa a cikinsa, na binne abokai. Ka zauna da mahaifiyarka ka gaya mata gaskiya, ka nemi albarkarta. In kana da iyali ka bar musu abinci da kuɗin makaranta, ka biya bashin da ake binka ko ka yi magana da mai shi. Duk abin da ka bari a buɗe a gida, shi zai zo ya same ka da tsakar dare a daji.

Saura mako biyu, ka rage komai zuwa rabi. Makon ƙarshe sassarfa kaɗan da miƙa jiki kawai, babu jaka, babu ƙwallon unguwa, babu sabon takalmi, babu sabon abinci. Farce a yanke saura kwana uku. Takardu na asali da kwafinsu a cikin leda, safa shida a wata ledar, filasta, basilin, allura da zare.

Yaron nan na Rigasa yana mako na goma sha ɗaya yanzu. Ya daina tserewa abokansa a sassarfa, ya kai leda 24 a kilomita tara, kuma Asabar da ta wuce shi da kansa ya tsaya a Unguwar Sarki ya cire takalmi ya manna filasta ban ce masa komai ba. Wannan makon nisa za mu ƙara masa, nauyin yana nan yadda yake.